Yadda ake ɗaukar hoton Fuluto da sauran ƙananan duniyoyin ƙanƙara daga Katsina da Daura

Bayan Naftun, duniya ta takwas a jerin masu kewaya rana, akwai wani faffaɗan yanki da ake kira zoben Kuiper. Yana farawa daga ninki 30 na nisan da ke tsakanin rana da duniyarmu, ya kai ninki 50, kuma wannan nisa guda ɗaya kilomita miliyan 150 ne. Dubban dunƙulen ƙanƙara da dutse ne ke yawo a can. Mafi yawansu ƙanana ne, amma akwai 'yan kaɗan da girmansu ya isa nauyin kansu ya dunƙule su. Su ne ƙungiyar masana taurari ta duniya ta ware wa aji na daban a taronta na birnin Prague a 2006, ta sauke Fuluto daga jerin manyan duniyoyi ta sa shi a cikinsu.

Mai na'urar hangen nesa matsakaiciya da kyamara zai iya kama huɗu daga cikinsu daga farfajiyar gida: Fuluto, Makemake, Haumea da Eris. Sai dai ka san abin da za ka samu tun kafin ka kashe kuɗi. Ba za ka ga ƙwallo ba, balle tsaunuka ko launi. Ɗigo ne fari, bai da maraba da dubban taurarin da ke kewaye da shi. Abin da ke tona shi kawai shi ne motsi: ka ɗauki hoto yau, ka sake ɗauka bayan kwana ɗaya ko biyu, taurari suna inda suke, ɗigo ɗaya ya gusa. Da haka Clyde Tombaugh ya gano Fuluto ranar 18 ga Fabrairu 1930 a cibiyar Lowell ta Arizona a Amurka, yana gwama hotunan da ya ɗauka ranakun 23 da 29 ga Janairu. Duk abin da ke biye hanya ce ta samun hotunan nan biyu, da tabbatar da cewa abin da ya gusa ba datti ba ne.

Wanda za a fara da shi, da lokacinsa

Masana taurari suna auna haske da lamba, kuma lambar a juye take: iya girmanta iya dusashewar abu. Ido mai lafiya a duhun ƙauye yana tsayawa a 6. Ƙarin lamba ɗaya raguwar haske ce ninki biyu da rabi, ƙarin biyar kuma ninki 100. Fuluto yana wajen 14.4, wato ya fi abin da ido ke iya gani dusashewa fiye da sau 2,000. Makemake yana wajen 17, Haumea 17.3, Eris 18.7. Tazarar ba ƙarama ba ce. Makemake ya fi Fuluto duhu kamar sau 11, Eris kuma kamar sau 50, duk da cewa Eris, mai faɗin kilomita 2,326, kusan sa'an Fuluto ne mai 2,377. Nisa ne ya raba su. Fuluto yana wajen ninki 35 na nisan rana da duniyarmu yanzu, Eris ya haura 95, can bayan zoben.

Katsina da Daura duka suna kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, kuma wannan babban rabo ne. A shekarun nan Fuluto yana cikin burjin Jadyu, digiri 23 kudu da tsakiyar sama, wato layin sama da ke daidai saman tsakiyar duniya. Daga Landan da ƙyar yake ɗagawa digiri 15 sama da doron ƙasa, a nan kuwa yana kaiwa 54. Eris, a cikin taurarin Cetus, yana kaiwa kusan 76. Makemake da Haumea suna kusa da tauraro mai haske Arcturus, na farko a yammacinsa, na biyu a kudu maso gabas da shi, kuma dukansu suna bi ta kusa da tsakiyar ka.

Kowanne yana da lokacin da yake kishiyar rana, wato ya fito da magariba, ya kai ƙololuwa tsakar dare, ya faɗi da asuba. A lokacin ne ya fi kusa, ya fi kuma saurin gusawa. Na Makemake ƙarshen Maris ne zuwa farkon Afrilu, na Haumea wajen 20 ga Afrilu, na Fuluto makon ƙarshe na Yuli, na Eris tsakiyar Oktoba. Da yake agogon Najeriya ya ɗan riga ranar Katsina, ƙololuwar takan zo wajen sha biyu da rabi na dare, kuma kowane wata tana matsowa da awa biyu.

Yanzu ɗora wannan a kan yanayinmu. Fuluto ya faɗa tsakiyar damina. Dare mai gajimare ya fi yawa, amma daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, idan sama ta washe, babu kamarsa a shekara, domin ruwa ya wanke ƙura. Mutane da yawa sukan ce bari damina ta ɗauke tukuna, su fita a tsakiyar Oktoba. Nan ne tarkon. Motsin da muke gani yawancinsa na duniyarmu ne ba na Fuluto ba, kuma sau biyu a shekara, farkon Mayu da tsakiyar Oktoba, yakan tsaya cak na kwanaki kafin ya juya. Ka ɗauki hoto biyu a makon, ba abin da zai gusa. Idan Yuli da Agusta sun ƙi, rabin farko na Satumba ya fi dacewa: yana kai ƙololuwa wajen tara da rabi na dare, yana gusawa har yanzu, sai dai a bar kwana uku tsakanin hotuna maimakon ɗaya. Eris shi ne ya yi sa'a, kaka ce, kafin hunturu ya kawo hazo. Makemake da Haumea kuwa bazara ce, ga zafi ga ragowar ƙura, abin da ya cece su shi ne tsayinsu, don hasken abin da ke tsakiyar ka bai ratsa ƙura da yawa.

Sai wata. Farin wata yana kashe aikin nan gaba ɗaya. Kalandar Musulunci ta wadatar: daga 25 ga wata zuwa 4 ko 5 ga sabo. Gwajin ƙura kuma mai sauƙi ne. Tauraron arewa yana digiri 13 kacal sama da doron ƙasa a nan. Idan kana wuri mai duhu ka gan shi tangaram da ido, daren na aiki ne. Idan ya ɓace cikin hazo, Fuluto kaɗai za a iya gwadawa.

Kayan aiki

Ganin Fuluto da ido ta cikin na'ura yana buƙatar madubi mai faɗin santimita 25 zuwa 30, da duhu na gaske, da haƙuri. Sauran ukun a manta da ido. Kyamara ce ke sauƙaƙa komai, tunda tana tara haske muddin tana buɗe.

Haɗin da ya isa duka huɗun shi ne na'ura samfurin Newton mai madubi milimita 200 da tsawon fokas milimita 1,000, a kan mazauni mai injin juya na'urar, wanda ake saita gatarinsa da na juyawar sama, da kyamarar DSLR, wato irin ta masu hoto da ake cire wa gilashi, ko kyamarar taurari mai sanyaya kanta. Idan kuɗi bai kai ba, a rage a madubi, kada a rage a mazauni. Madubi 130 a kan mazauni mai ƙarfi ya fi madubi 250 a kan mai rawa. Ƙananan na'urori masu sarrafa kansu irin Seestar S50, mai gilashi milimita 50, suna kama Fuluto cikin mintuna kaɗan. Makemake da Haumea sai da ƙyar da dogon tari, wato haɗa hotuna masu yawa su zama ɗaya, Eris kuwa ya fi su wuya.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ka yi kafin fita: yawan saman da kowane ɗigon kyamararka, wato pixel, ke ɗauka. Digiri ɗaya minti 60 ne na kusurwa, minti ɗaya sakan 60. Ka ninka girman ɗigon, a maikuron (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), da 206, ka raba da tsawon fokas a milimita. Kyamara mai ɗigo 3.76 a kan fokas 1,000 ta ba da sakan 0.78 a kowane ɗigo. Fuluto a kishiyar rana yana gusawa sakan 3.6 a awa, kusan 87 a kwana, wato ɗigo fiye da 100 tsakanin daren yau da na gobe. Haumea da Makemake wajen sakan 60 a kwana, Eris wajen 34. A Seestar ɗigo ɗaya sakan 2.4 ne, don haka tafiyar Fuluto ta kwana ɗaya ɗigo 36 ce, ta isa a gani.

Wuta: batir 12V, ba janareta ba, don girgizarsa da hayaƙinsa duka suna shiga hoto. Mazauni yana cin kamar amfiya ɗaya da rabi, sanyaya kyamara biyu, abin ɗumama gilashi ɗaya, kwamfuta uku zuwa huɗu. Jimla kusan takwas, awa shida sun cinye 48Ah. Batirin ruwa ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, saboda haka 100Ah irin na sola shi ne daidai. Idan ƙarfin batir ya yi ƙasa, mazauni ba ya mutuwa nan take, sai ya riƙa tsallake, taurari su fito da jela, mutum ya yi ta zargin saiti.

Wuri kuma, gida mai katanga a bakin gari ya fi fili a daji, don kowa ya san halin da ake ciki na tsaro da dare. A zaɓi ɓangaren da zai sa hasken gari ya koma baya. Don Fuluto, wanda ke kudu, wajen Batagarawa ko Rimi ya fi arewacin birnin Katsina, a Daura kuma wajen Sandamu ya fi hanyar Mai'aduwa. A sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, domin doguwar na'ura a kan ƙafa uku da jan fitila cikin dare abu ne da ke jawo tambaya. A roƙi maƙwabta su kashe fitilar sola ta ƙofar gida na awa biyu. Kuma kada a kafa a kan rufin siminti ko daɓen da ya sha rana, zafin da yake fitarwa yana sa taurari rawa har tsakar dare. Ƙasa ko yashi ya fi.

Neman wurin da yake

Manhajar Stellarium kyauta ce kuma tana nuna Fuluto, amma don daidaito a ɗauko matsayi daga shafin Horizons na hukumar NASA. Da lamba ake nema: Fuluto 134340, Haumea 136108, Eris 136199, Makemake 136472. A sa wurin kallo, Katsina digiri 13.0 arewa da 7.6 gabas, Daura 13.0 da 8.3. Kurakurai biyu ne ke ɓatar da mutane a nan. Na farko lokaci: teburin da shafin ke bayarwa yana bin agogon duniya, namu ya wuce shi da awa ɗaya, ƙarfe 11 na dare a nan 22:00 ne a can. Wannan ƙarami ne tunda abin ba ya sauri. Na biyun ne babba. Ana rubuta matsayin taurari ko dai da ma'aunin shekarar 2000, wanda ake kira J2000, ko da na yau, kuma gatarin duniya yana karkata sakan 50 kowace shekara. Bambancin yanzu ya haura minti 20, sulusin digiri. Hoton na'urar da aka ambata faɗinsa digiri 1.3 ne da 0.9, saboda haka idan ka karanta da wani ma'auni ka ba mazauni da wani, abin zai koma gefe ko ya fita. Ka duba wanne mazauninka ke karɓa.

Daren ɗauka

A fitar da na'ura tun magariba ta huce awa ɗaya, madubi mai zafi ba ya ba da hoto mai kaifi. Sannan a saita gatari. A nan ƙasar wannan shi ne mataki mafi wahala, saboda tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa, katanga ko darbejiya ko hasken gari na iya tare shi, kuma a digiri 13 wasu mazaunai ƙarfen nauyinsu yana dukan ƙafar arewa. Maganin wannan shi ne a juya kan mazaunin yadda sandar nauyi za ta sauka tsakanin ƙafafu biyu, ko a sa ƙarin wuya. Idan tauraron bai ganuwa, manhajar NINA tana da hanyar saiti ta wurare uku wadda ba ta buƙatarsa, PHD2 ma tana yi ta bin zamewar tauraro. Kuskuren da bai wuce minti 2 zuwa 3 na kusurwa ba ya wadatar.

A saita fokas a kan tauraro mai haske da marufin Bahtinov, murfi mai tsage-tsage da ke mai da tauraro layuka uku, har layin tsakiya ya raba sauran biyun daidai, a cire marufin, a sake dubawa bayan awa ɗaya domin ƙarfe yana tsukewa da sanyin dare. Ɗigo mai lamba 17 idan fokas ya kauce kaɗan narkewa yake cikin hasken sama. Bayan an juya zuwa wurin, a ɗauki hoton sakan 10 a ba manhajar ASTAP ta karanta taurarin ciki ta faɗi ainihin inda na'ura ke kallo. Kada a yarda da abin da mazauni ya ce kawai.

Ga DSLR: tsarin RAW, ISO 800 ko 1600, a kashe rage hayaniya na cikin kyamara. Idan babu ƙaramar kyamara mai gadin tauraro tana gyara tafiyar mazauni, kowane hoto sakan 30 zuwa 60, idan akwai, 120. Fuluto yakan fito a hoto guda, amma a ɗauki 15 zuwa 20. Makemake da Haumea suna son jimlar minti 30 zuwa 45. Eris awa ɗaya da rabi zuwa biyu, a dare mai kyau. Dalilin tsawon shi ne tsabtar hoto ba ta ƙaruwa daidai da lokaci: ninka lokaci sau huɗu ne ke ninka ta sau biyu, kuma sauka lamba ɗaya yana cin lokaci fiye da ninki shida. Motsin abin ba zai ɓata tarin ba matuƙar Fuluto bai wuce awa ɗaya ba, Eris biyu.

Tsakanin kowane hoto biyu ko uku a sa manhaja ta ɗan gusar da na'ura ɗigo 10 zuwa 15. Wannan ba ado ba ne. Kowace kyamara tana da ɗigogi masu zafi da ke haske ko babu tauraro, kuma hayaniyar zafi tana ninkawa da kowane ƙarin digiri shida ko makamancin haka. A daren Afrilu a Katsina, DSLR takan cika da su, ga shi kuma sun yi kama da abin da ake nema sak. Idan ana gusawa, suna faɗawa wurare dabam-dabam a kan taurari, manhaja ta zubar da su. A ƙarshe a rufe bakin na'ura a ɗauki hotunan duhu 20 da tsawo ɗaya da zafi ɗaya, a daren, ba da safe ba. Sannan hotunan fari 20 zuwa 30, a ɗaure farin ƙyalle a baki a haska shi da allon kwamfuta ko saman asuba, ba tare da an taɓa fokas ko an juya kyamara ba. Su ne ke cire inuwar ƙura, wadda a nan ba a rasa ta.

Haumea yana da matsala tasa. Yana wucewa kusan digiri biyu daga tsakiyar ka. Na'urorin da ke juyawa sama-da-ƙasa da hagu-da-dama, irin Seestar a tsarinta na asali, suna rikicewa idan abu ya haura digiri 80, hoton ya riƙa murɗewa. A ɗauke shi yana tsakanin digiri 45 da 75, awa ɗaya zuwa uku kafin ƙololuwa ko bayanta. Mai babban mazauni kuma ya gama kafin abin ya tsallaka tsakiya, in ba haka ba sai ya juya na'ura ɗaya gefen ya sake nema. Da damina raɓa ce abokiyar gaba: idan taurari suka fara kumbura suna dusashewa alhali sama a washe take, haska ƙaramin madubin ka gani. Ɗumama shi ake yi, ba a gogewa. Ƙura ma da roba mai hura iska ake kore ta, ƙyalle yana karce fuskar madubi.

Dare na biyu a maimaita komai, wuri ɗaya, tsawo ɗaya, kyamara a karkace ɗaya.

Tarawa da tabbatarwa

Manhajar Siril ko DeepSkyStacker za su cire hotunan duhu da na fari, su jera taurari, su tara. A tara kowane dare daban. Wanda ya haɗa darare biyu wuri ɗaya da tsarin zubar da baƙon ɗigo, manhaja tana iya ɗaukar Fuluto a matsayin datti ta goge shi. Bayan an samu hoto biyu, a jera su a kan juna a riƙa musanya su da sauri a allo, a ƙara girman inda Horizons ya nuna. Ido zai cafke ɗigon da ke tsalle.

Ganin tsalle bai isa hujja ba. Auna tazarar da ɗigo, ninka da lissafinka na farko, raba da awannin da ke tsakani. Idan ta yi daidai da ta teburin, kuma tafiyar yamma take a lokacin kishiyar rana, an kusa. Duwatsun da ke tsakanin Mars da Jupita suna shiga hoto sosai, musamman a wajen Fuluto da ke kusa da hanyar rana, amma su suna gudun sakan 30 zuwa 40 a awa, har sukan ja ɗan layi a tarin dare ɗaya. Cibiyar Minor Planet Center tana da shafin da za ka ba matsayi da lokaci ya lissafo duk sanannen abin da ke wurin. Sannan a buɗe tsohon hoton wannan yanki a manhajar Aladin: inda ɗigonka yake ya zama babu komai. Dare na uku yana rufe gardama, ɗigo uku a layi ɗaya da tazarar da ta dace da kwanakin.

Daga wannan awon za ka iya fitar da nisan da kanka. A cikin mako biyu na kishiyar rana, raba 130 da gudun abin a awa, amsar ita ce nisansa a ninkin nisan rana da duniyarmu. Fuluto 3.6 ya ba da 36, Makemake 2.5 ya ba da 52, Eris 1.4 ya ba da 93. Ƙiyasi ne, amma ya faɗi kusa da gaskiya, kuma nesa da wannan lokacin ba ya aiki. Watan Fuluto, Charon, kada a wahalar da kai, bai kai sakan ɗaya daga gare shi ba, haskensu a haɗe yake a ɗigon.

Mai madubi 300 zai iya matsawa. Haumea ba ƙwallo ba ne, miƙaƙƙe ne, yana juya kansa cikin awa 3.9, don haka haskensa yana hawa da sauka kusan kowace awa biyu da kamar rubu'in lamba. Tari na minti goma-goma na tsawon awa huɗu, ana gwama shi da taurari uku na kusa, yana nuna wannan. Waɗanda ake kyautata zaton su ma ƙananan duniyoyi ne sun fi wuya. Orcus, lamba 90482, haskensa yana wajen 19, lokacinsa ƙarshen Fabrairu cikin hazo. Quaoar, lamba 50000, kusan haka yake, sai dai yana cikin cunkoson taurari inda ɗigonsa ke yawan hawa kan wani. Sedna da Gonggong sun kai wajen 21, da wuya kayan gida su kama su.

Aikin da ƙaramar na'ura ke yi wa masana amfani na gaske shi ne lokacin da ɗayan abubuwan nan ya gifta gaban tauraro, tauraron ya ɗauke na 'yan sakanni. Tsawon ɗaukewar daga wurare da yawa yana ba da faɗi da siffa. Da haka aka gano zoben Haumea a 2017, kuma a Agusta 2018 masana sun kafa na'urori a Senegal don auna Arrokoth, wani ƙaramin dunƙule a zoben Kuiper, kafin kumbon New Horizons ya wuce ta gefensa ranar 1 ga Janairu 2019. A nan tauraron ake ɗauka, ba abin ba, shi ya sa madubi 200 kan isa. Shirin Lucky Star yana wallafa hasashen hanyar da inuwar za ta bi. Sharaɗin shi ne kyamara mai ɗaukar hoto da yawa a sakan, da agogon GPS da ke buga lokaci a kan kowane hoto, domin agogon kwamfuta yakan kauce da sakan ɗaya ko fiye, inuwar kuwa tana gudun kilomita 20 da ɗoriya a sakan.